Fatar da Na Fara Nunawa a Paris

Tun da na dawo daga Faransa ban zauna a majalisarmu ta bakin kasuwar Maraɗi na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Lawali, ƙaƙa Paris?" Wancan ya ce, "Wai gaskiya ne ƙarƙashin ƙasa suke tahiya?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk bayarwa sai na ƙara wa kaina wayo kaɗan, har mutumin da ke cikin labarin ya daina kama da ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta.

Gidanmu gidan jima ne. Baba Nomau, wan mahaifina, shi ne babban majemarmu, kuma duk wanda ya san fatar jar akuya a ƙasar nan ya san hannunsa. Ni kam ban taɓa iya aikin ba, ruwan bagaruwa ma ƙaiƙayi yake sa ni. An sa ni lakwal, makarantar boko, na fito da Faransancin da zai ishe ni ciniki, sai aka bar mini aikin baki. Ni ke saye, ni ke sayarwa, ni ke cika baki a madadin kowa.

Bayan farin tamanin da huɗu abubuwa suka lalace mana. Awaki sun mutu, dukawan da ke sayen fatarmu sun koma ɗinka roba, rabin ramukan jima sun bushe. Magidanta suka fara maganar tafiya kudu neman aiki. Baba Nomau ya tara mu ya ce idan rani ya shigo ba a samu mai saye ba, zai sallami kowa ya rufe majemar da kakanmu ya haƙa.

Ana cikin haka Alhaji Mutari ya zo gida. Badamagare ne, abokin mahaifina, yana harkar shigo da kaya da fitar da su a Paris. Ya ce wani kamfani mai ɗinka jakunkunan mata ya buɗe ƙofa ga ƙananan masu sana'a 'yan Afirka, zai sayi kaya daga hannunsu ba tare da dillali ba. Sharaɗin shi ne ku nuna sana'ar taku ce, ku nuna ƙarama ce, a gwada kayanku, in sun ci a ba ku takardar shaida da kwangila. Dangi suka haɗa mini guzuri, aka ce ni zan je.

Baba Nomau da kansa ya zaɓi fatun da zan tafi da su, masu laushin da za ka naɗe ka sa a aljihu. Da ya juya baya sai na ƙara wasu daga tarin bakin ƙofa, masu zanen ƙaya a jiki, rinin ma bai kama daidai ba. Ban yi haka don mugunta ba. Duk ɗan kasuwa ya san ba a buɗe ciniki da kaya mai kyau. Sai ka fara miƙa mai rauni, mai saye ya taɓe baki ya ce babu wadda ta fi wannan? Kai kuma ka yi ajiyar zuciya, ka waiga hagu da dama, ka zaro ta ƙwarai kamar ranka ba ya so. A nan farashi yake zama. Da wannan dabarar na ci kasuwar Jibiya, na ci ta Kwanni, ban ga abin da zai hana ni cin ta Paris ba.

A hanyar Yamai aka fara gwada ni. Wata Hajiya da ke kusa da ni a mota ta toshe hanci tun daga tasha, ta ce ita ba za ta kai Yamai da warin jima a zanenta ba. A Kwanni direba ya ƙwace jakar fatun ya ɗaure ta a bisa, kusa da wata akuya mai rai. Daga nan har Doso ban runtsa ba, duk tsallen da mota ta yi sai in leƙa sama ina roƙon Allah ya riƙe wa akuyar marar ta. Jandarmomi kuwa duk shingen da muka tsaya sai sun sa an sauke jakar, su shinshina, su tambaye ni ina za ni da ita. In na ce Paris sai su yi dariya su ce in wuce.

Jirgin sama ban ga laifinsa ba, sai dai abincin da suka kawo bai kai a yi masa bisimilla ba. Na sha babbar riga ta shadda wadda aka buga har tana tsayawa da kanta, don na ƙudura Turawa su san babban mutum ya sauka. Wanda ya fara karrama ni a filin jirgin Paris kare ne. Ya zo ya zauna gaban kayana ya ƙi tashi. 'Yan duwan, masu binciken kaya, suka kwance komai. Fatun suka wuce, don ina da takardar likitan dabbobi, amma kilishin da na riƙo wa Alhaji Mutari tsaraba bai wuce ba. Na yago kaɗan na miƙa wa ɗan duwan ɗin na ce ya ɗanɗana ya ji, ai ba guba ba ne. Ya sa safar hannu ya tattara duka ya zuba a kwandon shara ina kallo. Wallahi sai da na ji hawaye.

Alhaji Mutari ya zo tarbata cikin kwat da hular ulu, har ya kama hannuna ban gane shi ba. Muka shiga metro, jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa. Ƙarfen da ke juyawa a mashigar ya cafke hannun rigata, na tsaya ina kokawa da shi, jama'a sun taru a bayana suna huci. Da muka shiga na yi wa mutanen ciki sallama da murya sosai. Ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba. Alhaji ya ja ni ya zaunar ya ce, "Lawali, nan in ka gaida wanda ba ka sani ba, cewa za ya yi ko roƙo kake ko ka taɓu."

Masaukina a Aubervilliers yake, unguwar manyan shagunan ajiyar kaya. Ɗaki ne a saman shagon Alhaji, tsakanin kwalayen agogo da na takalma. Sanyi kuwa ba a magana. Shaddar da na yi taƙama da ita iska take tarawa ta watsa mini a ƙirji. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke fita da ɗan karenta kullum da safe, an saƙa masa riga har da maɓalli, ni kuma ina tsaye ina karkarwa. Sai da Alhaji ya ara mini wata tsohuwar kwat na sa a ƙarƙashin babbar riga, na koma kamar buhun gero. Abinci a gidan ma'aikata 'yan Mali muke ci, shinkafa da miyar gyaɗa, kuma a nan kaɗai na samu waɗanda in ka gaishe su suke amsawa har su tambaye ka mutanen gida.

Ana gobe zan je kamfanin, Alhaji ya ce in faɗa masa abin da zan gaya musu. Na gyara zama na fara. Na ce muna da ma'aikata ba iyaka, muna da motocin ɗaukar kaya, muna da shago a Kano da wani a Kwatano.

Ya ajiye kofinsa. "Kai, tsaya. Wace mota gare ku?"

"Alhaji, ai ka san yadda aka yi. Wa ka sayen kaya ga matsiyaci?"

"Su. Su ne masu saye. Ƙanana suke nema, ba na hwaɗa maka ba? In ka ce kana da kamyo, sai su ce Allah ya ƙara arziki, su nuna maka ƙohwa. Gaskiya za ka hwaɗa masu."

"Gaskiya? Wurin ciniki?"

"Ita. Dakor?"

Na ce dakor, na yarda. Na kwana ina koyon ƙanƙan da kai, ni da na yi shekaru ina kumbura a kasuwa. Maganar fatun buɗe ciniki kuwa ban yi masa ita ba, don ban zaci akwai ɗan Adam da bai san wannan ba.

Wadda ta karɓe ni wata Madam ce siririya mai tabarau, taba a hannu, ido a agogo. Ba ta tambaye ni gajiyar hanya ba, balle iyali. Tambayoyin da ta yi wasu ne daban. Majemar ta wa ce? Akwai wani Bature ko Kwara, Balaraben kanti, a bayanmu da ke cin riba? Mu nawa ne, kuma 'yan gida ɗaya ne? Na ba ta takardun da na zo da su da hotunan ramukanmu, na faɗi gaskiya har da abin da ba a tambaye ni ba. Duk talaucin da na ambata sai ta gyaɗa kai ta rubuta da jin daɗi. Ban taɓa ganin wurin da tsiya take da daraja haka ba.

Sai ta ce in nuna mata kayan. Na ce a raina yanzu aka zo fagena. Na sa hannu a jaka na zaro wadda ta fi kowace rauni, na shimfiɗa mata a tebur, na koma na jingina ina jiran ta taɓe baki.

Ba ta taɓe ba. Ta shafa fatar, ta ɗaga ta wajen taga, ta bi zanen ƙayar da yatsa, ta ce ta yi kyau ƙwarai. Kafin in buɗe baki ta buga mata hatimi, ta juya bayanta ta ce in sa hannu, na sa kamar wanda aka yi wa asiri. Ta huda gefe ta ɗaure da waya da dalma, ta kira wani ya ɗauka ya fita da ita. Ta ce za a kai ta Lyon gidan gwajin fata. In ta ci, ita ce ma'auni, duk abin da za mu aiko dole ya yi kama da ita. Ta miƙe ta miƙo mini hannu. Ni kuwa hannuna na dama yana cikin jaka, a kan fatar Baba Nomau. Na ce, "Madam, akwai kuma wata." Ta ce ɗaya ta isa, ta dubi agogo, wani baƙon ma har ya leƙo.

Da na gaya wa Alhaji Mutari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya daina dariyar gaba ɗaya. Ya ce, "Lawali, nan ba a taɓe baki. Abin da ka nuna hwarko shi ne kai. In ta hwaɗi, shi ke nan, ba su sake kallonku. Tashi ka tahi Lyon ka tare ta kahin a gwada."

 Na tuna magidantan da suka jinkirta tafiya kudu saboda ni, na tuna ramukan da suka bushe. Dabarata ce za ta rufe majemar, ba fari ba.

Na shiga jirgin ƙasa da guzurin mai tafiyar yini, burodi da dabino da buta. Ban gama rabin dabinon ba aka ce mun iso. Babu tsayawa shan iska, babu mai tallar ƙwai a taga, babu wanda ya yi faɗa da wani. Tafiyar ba ta yi mini kama da tafiya ba.

Tun daga Paris Alhaji ya haɗa ni da wanda zai sauke ni a Lyon, Malam Bala, Bakano mai shago a unguwar Guillotière, inda baƙi suke cin kasuwarsu. Shagonsa akwai daddawa da kuka da manja da atamfa, ƙamshin wurin kaɗai ya mayar da ni gida. Da ya ji labarina ya riƙe haɓa ya ce, "Wato kai ka zo ƙasar Turawa ka yi musu cinikin ƙauye. Samfur guda ka samu damar bayarwa, ka ba da na banza. Ku mutanen Nijar sai a bar ku." Na ce masa a wurin Kanawa muka koya. Ya ce su sun san inda ake yi.

Gidansa a Rillieux-la-Pape yake, can bayan gari, inda aka jera dogayen benaye duk kamarsu ɗaya. Da la'asar na sauko in miƙe ƙafa, da na tashi komawa na hau wani benen daban, na ƙwanƙwasa ƙofa ina kiran Hajiya, matar Malam Bala. Wani dattijo ɗan Aljeriya ya buɗe. Maimakon ya kore ni sai ya zaunar da ni ya ba ni gahawa, sannan ya rako ni har ƙofar Malam Bala yana mini nasiha a kan yawo ba adireshi. Hajiyar Malam Bala ta tuƙa mana tuwon garin alkama da miyar kuka. Na ci kamar ba ni da damuwa a duniya, alhali kuwa ina da ita.

Washegari Malam Bala ya rufe shagonsa ya raka ni, abin da Bakano ba ya yi wa kowa. Gidan gwajin ya fi asibiti tsafta. Aka kai mu wurin wani tsohon Bature mai farar riga. Na fara laluben 'yar jakar kuɗi ta fata da na tanada don gaisuwa, Malam Bala ya taka mini ƙafa, na mayar. Na yi wa Baturen bayani cewa an yi kuskure, na zo in canja fatar.

Ya ce na makara, an gama gwaji. Sun ja ta da inji, sun goge ta, sun jiƙa ta, sun gasa ta. Ta ci. Ba da rata mai yawa ba, amma ta ci.

Daɗin da na ji ban san yadda zan faɗe shi ba. Sai kuma girman kai ya motsa. Na ce wannan da ta ci ai ba komai ba ce, bari ya ga fata. Na zaro ta Baba Nomau na ba shi. Ya karɓa. Ya murza ta, ya shinshina, ya dunƙule ta a tafin hannu ya sake ta, ta miƙe ba ko alamar lanƙwasa. Ya tambaye ni wa ya yi ta, na ce wan mahaifina. Ya ce ya daɗe bai riƙe irinta ba, kuma da kansa ya ɗaga waya ya kira Madam a Paris.

Sun jima suna magana. Da ya ajiye ya kasa kallon idona. Ya ce Madam ta ce masu sayen jakunkunanta so suke su ga aikin hannun ƙauyen Afirka, da zanen ƙayarsa da rininsa mai dabbare-dabbare. Fata mai santsi haka sai a ce daga masana'antar Turai ta fito, har masu ba da shaidar su fara shakkar ko mu ƙanana ne da gaske. In kuma na dage sai an canja, to a soke komai a sake daga farko, sai baɗi.

Baɗi babu majema. Na naɗe fatar Baba na mayar jaka, na karɓi takardar shaida da guntun waccan fatar mai dalma a jiki. A hanya Malam Bala yana cewa, "To ai ka ci, satifiket ga shi a hannunka, fushin me kake?" 

A Maraɗi an tarbe ni kamar na dawo daga yaƙi. Waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance, aka zuba ruwa a busassun ramuka. Na sha kirari, kuma ban hana kowa yi ba. Sai da aka natsa na fito da guntun fatar na ce ga irin wadda suke so. Baba Nomau ya karɓa, ya juya ta sau ɗaya ya ce, "Wagga aikin Idi ce."

Idi mijin ƙanwata ne, mutumin da ke tsame fata daga bagaruwa kafin ta nuna don ya samu ya tafi wurin dara. Wurin ya ɓarke da dariya, Idi ya gyara hula yana cewa shi dama ya san Turawa sun san kaya. Na faɗa wa Baba yadda aka yi, ban rage komai ba. Na faɗa masa abin da tsohon Baturen ya ce a kan tasa fatar, ina fatan hakan zai yi masa daɗi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dubi mutanen da ke wurin ya ce, "In wanga ka riƙe su gida, a yi shi."

Kwanan baya muka haɗa kayan farko. Ni na zauna tantancewa, guntun fatar nan a gwiwata, ina gwada kowace da ita. Na Idi suka wuce, na sauran ma suka wuce, don lalata aiki ba shi da wuyar koyo. Sai na zo kan tarin Baba. Na ga ya yi ƙoƙari. Ya tsame su da wuri, ya yi rinin da gaggawa, amma hannun da ya yi shekara da shekaru yana gyarawa ya ƙi yarda. Na ɗauki ta farko, ta fi ma'aunin kyau, na ajiye ta gefe wajen waɗanda ba za su tafi ba. Na ɗauki ta biyu, haka. Kowa a majemar ya sunkuyar da kai a kan aikinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Baba ya taso a hankali ya tsaya a kaina. Ya dubi tarin nasa da na ware, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya shafa.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Lawali. Na gaba in ƙara ƙoƙari."